Dariya Ba Ta Sayen Allura

Duk wanda ya saba zama a majalisar 'yan Arewa bayan sallar isha'i, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Kasuwar Mil 12 a Ikko, ko Sabon Badun, ko kuwa wajen 'yan shanu a Fatakwal, ya san yadda hira takan juya da zarar wani ya zaro wayarsa ya ce, "Kai jama'a, ku zo ku ga wannan." Sai waya ta yi ta bin hannu, daga mai shayi zuwa mai gadi, daga mai gadi zuwa ɗan acaɓa, kowa ya duba ya ƙyalƙyale. Abin da ake kallo kuwa hoto ne na wani shugaba, an ɗora shi a kan jirgin sama ya nufi Landan, ko kuwa ɓera ne an sa masa babbar riga an zaunar da shi a kujerar mulki, sa'an nan an rubuta 'yan kalmomi a ƙasa masu zafin barkono.

Waɗannan su ne hotunan shaguɓe, waɗanda Turawa ke kira mim. Ba a san mai yin su ba, ba a kuma san inda za su tsaya ba. A cikin shekarun nan babu batun da ya haifar da su kamar batun ciwon shugabanni da halin asibitocin Nijeriya. To, tun da yake dariyar ta daɗe, ya kamata a tsaya a yi lissafi: me ta sayo wa talaka, me kuma ta ɓatar masa?

TSOHON MIKI

Kafin a yi maganar hoto, sai a fara da abin da ya kawo shi. Ran 31 ga Disamba, 1983, sa'ad da Birgediya Sani Abacha ya ba da sanarwar kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, cikin dalilan da ya kawo har da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Wanda ya hau mulki a wannan juyin shi ne Manjo Janar Muhammadu Buhari. Watau tun a wancan lokaci masu mulki sun san ciwon, har ma sun kama sunansa.

A watan Afrilu na 2001 shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta. Nijeriya da ta karɓi baƙin ba ta taɓa cika wannan alkawari ba a kasafin Gwamnatin Tarayya. Yawanci abin bai cika wuce kashi 5 ko 6 ba. Sakamakon haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan magani a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020, cikin kowaɗanne mata huɗu da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duniya duka, fiye da ɗaya 'yar Nijeriya ce.

A gefe guda kuwa shugabanni suna ta tafiya. Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tashi zuwa Jidda ran 23 ga Nuwamba, 2009, ƙasa ta zauna wata biyu da rabi ba a san mai riƙe da ita ba, har sai da Majalisar Tarayya ta ɗora mataimakinsa ran 9 ga Fabrairu, 2010. An dawo da shi cikin dare, ya rasu ran 5 ga Mayu. A 2017 Shugaba Buhari ya yi wajen kwana 50 a Landan daga watan Janairu zuwa Maris, ya sake komawa ran 7 ga Mayu, bai dawo ba sai 19 ga Agusta, watau fiye da kwana 100. A duk tsawon wannan lokaci ba a gaya wa jama'a abin da ke damunsa ba. Inda hukuma ta yi shiru, tilas jita-jita ta yi magana, kuma a zamanin Facebook da WhatsApp jita-jita da hoto take yawo.

ABIN DA DARIYAR TA YI

Ba daidai ba ne a ce waɗannan hotuna aikin banza ne gaba ɗaya. Wani masani Ba'amurke, James Scott, wanda ya zauna da manoma a wani ƙauye na ƙasar Malesiya, ya fitar da littafi a 1985 inda ya nuna cewa talakan da ba shi da bindiga, ba shi da jarida, ba shi da kujera a majalisa, yana da nasa makaman: laƙabi, da gulma, da ba'a a bayan ido. Bahaushe ba ya bukatar a koya masa wannan. Yana da habaici, yana da zambo, yana da 'yan kama da 'yan gambara, kuma a wasan tashe yaro yakan kwaikwayi babba a gaban jama'a ba a kama shi ba. Har a jaridun Kudu ma al'adar ta daɗe, gama tun shekarun 1940 Akinola Lasekan yake zanen shaguɓe a kan Turawan mulki a jaridar Dokta Azikiwe.

Amfanin farko shi ne hoton ya kan tsallake katangar karatu. Mutumin da ba zai iya zama ya karanta kasafin kuɗi ba, da ya ga an jera ɗakin jinya na Landan da ɗakin haihuwa na ƙauyensu inda ake haska tocila, nan take ya fahimci zancen. Na biyu, hoton yana riƙe wa jama'a abin da manya suka so a manta. A watan Afrilu na 2019 Ministan Ƙwadago, Dokta Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya ce Nijeriya tana da rarar likitoci, duk mai son tafiya ya tafi. Masu shaguɓe ba su bar maganar ta kwanta ba. Shekara biyar bayan haka, a 2024, Ministan Lafiya Farfesa Ali Pate ya faɗi da bakinsa cewa likitoci wajen dubu 16 sun bar ƙasar a cikin 'yan shekarun da suka gabata, saura kamar dubu 55 ga jama'a fiye da miliyan 200. Haka kuma da Shugaba Buhari ya tashi zuwa Landan ran 30 ga Maris, 2021, ana saura kwana biyu likitoci masu neman ƙwarewa su shiga yajin aiki, hotunan da suka bazu sun haɗa abubuwan biyu wuri guda fiye da yadda sharhin kowace jarida ya iya.

Har cikin gidan mulki ma an yi amfani da wannan harshe. A watan Yuli na 2017 Sanata Shehu Sani ya yi habaici da labarin zaki da ba ya gida, kuraye da diloli suna shagali, Hajiya A'isha Buhari kuwa ta amsa cewa an kusa korar kurayen da dilolin daga masarauta. Ita ce kuma a watan Oktoba na wannan shekara ta fito fili ta ce asibitin Fadar Shugaban Ƙasa ba shi da ko sirinji, na'urar ɗaukar hoton ƙashi ma ba ta aiki, alhali kuwa a daftarin kasafin 2016 an nema wa asibitin fiye da Naira miliyan dubu 3.

LABARIN ƁERA

Amma fa akwai inda gizo ke saƙa. Bayan Shugaba Buhari ya dawo a watan Agusta na 2017, aka ga bai shiga ofis ba, daga gida yake aiki. Da aka tambaya, mai magana da yawunsa, Malam Garba Shehu, ya ce ɓeraye ne suka yi ɓarna a ofishin. Cikin sa'o'i kaɗan ɓera ya cika wayoyin 'yan Nijeriya. Aka zana shi da hula, aka zana shi da kwat, aka ba shi muƙami, jaridun ƙasashen waje ma suka ɗauka. Kowa ya yi dariya har da riƙe ciki, kowa kuma yana ganin ya kunyata gwamnati.

Sai a 2025, a cikin littafin da ya rubuta game da aikinsa, Malam Garba Shehu ya bayyana cewa da gangan ya saki zancen ɓeran, don ya kawar da hankalin jama'a daga tambayar da ake yi a kan lafiyar Shugaba da ko zai iya ci gaba da mulki. Dabarar kuwa ta ci. Watau mutane miliyoyi da suka ɗauka su ne ke yi wa fada dariya, ashe fada ce ta jefa musu ƙashi suka bi, ita kuwa ta wuce da nama.

Wannan shi ne ainihin abin da waɗansu masana biyu Jamusawa, Adorno da Horkheimer, suka yi gargaɗi a kansa tun shekarun 1940, lokacin da suke gudun hijira a Amurka. Ra'ayinsu shi ne nishaɗin da ake sarrafawa a raba wa jama'a yakan zama kamar maganin barci: mutum ya yi dariya da dare, zuciyarsa ta huce, da safe ya koma ga wahalarsa bai tambayi kowa kome ba. Wani masanin kuma ɗan ƙasar Kamaru, Achille Mbembe, ya duƙufa a kan zanen shaguɓe da jaridun ƙasarsu suka riƙa yi wa Shugaba Paul Biya a shekarun 1990. Abin da ya gano shi ne ba'a tana rage wa mai mulki kwarjini, amma ba ta rage masa iko. Mai mulki da wanda ake mulka sukan zama kamar mazauna gida ɗaya, wannan na zolaya, wancan na ci gaba da ci. Shaida kuwa ita ce Biya ya hau mulki a 1982, an yi ta zana shi, ya kuma shafe fiye da shekara 40 a kan kujera.

Mai shakka ya duba ƙarshen labarin a Nijeriya. Bayan duk dariyar sirinji da ɓera, abin da aka yi shi ne gina sabon ɓangare na manya a asibitin Fadar Shugaban Ƙasa a kan kuɗi wajen Naira miliyan dubu 21, aka buɗe shi a watan Mayu na 2023. A 2024 kuwa kamfanin lantarki ya yanke wa Asibitin Koyarwa na Badun wuta saboda bashi, asibitin da tun 1957 yake abin alfaharin ƙasa. Shi kuma tsohon Shugaba Buhari, Allah Ya jiƙansa, a wani asibitin Landan ya cika ran 13 ga Yuli, 2025, aka kawo shi Daura.

JIKIN SARKI DA JIKIN TALAKA

Aibi na biyu shi ne inda hoton yake kai bugu. Mafi yawansu jikin shugaba suke bi: ramarsa, tafiyarsa, rawar hannunsa, kunnensa. Alhali kuwa ciwo ba laifi ba ne. Babu wanda ya fi ƙarfinsa, kuma addini da al'ada duka sun hana yi wa majiyyaci dariya. Laifin yana wajen ɓoye wa jama'a gaskiya, da kashe dukiyarsu a asibitin wata ƙasa, da barin nasu asibitin ya lalace. Wanda ya tsaya a kan rama ya bar kasafin kuɗi, ya saki reshe ya kama ganye.

Wannan ma tsohuwar hanya ce. Makaɗin fada in zai yi zambo, yakan kama ƙirar jikin mutum ne, kuma wanda yake yi wa zambon galibi abokin hamayyar ubangidansa ne. Watau zambo ma yana da mai biya. A yau 'yan siyasa suna da sojojin baka da samarin da suke saya wa waya da kati don su ƙera irin waɗannan hotuna. Mai zanen jarida na da yana da suna, yana da edita, in ya yi ƙarya a kai shi kotu. Hoton waya kuwa ba shi da uba, don haka wanda ya tura shi bai san aikin wa yake yi ba. Kamfanonin da ke da dandalin kuma ribarsu tana cikin yawan kallo, abin da ya fi tayar da rai shi suke turawa gaba, ko gaskiya ne ko ƙarya.

Dubi zancen Jibrin na Sudan. Shugaban ƙungiyar 'yan a-ware ta Biyafara, Nnamdi Kanu, ya yi ta yaɗa cewa Buhari ya mutu an kawo wani mai kama da shi. Aka yi ta jera hotuna ana auna kunne da hanci da tafin hannu, har sai da Shugaban Ƙasa ya tsaya a ƙasar Folan a watan Disamba na 2018 yana gaya wa 'yan Nijeriya cewa shi ne da kansa. An yi fiye da shekara ana wannan gardama. A cikinta babu wanda ya tambayi yawan gadajen asibiti, ko albashin ungozoma, ko dalilin da ya sa maganin cizon sauro ya gagari mai ƙaramin ƙarfi.

INDA ABIN YA SHAFI ƊAN AREWA A KUDU

A nan ne maganar ta zo gida. Ɗan Arewa mazaunin Kudu shi ne ke tsakiyar wuta. In an yi hoton shugaba ɗan Arewa, maƙwabcinsa a kasuwa shi yake miƙa wa waya yana cewa, "Ga naku nan." Shi kuma sai zuciya ta ɗebe shi ya shiga kare abin da bai ci ko kwabo a ciki ba, yana cewa namu ne, ba a taɓa shi. Da mulki ya juya, zance ya koma kan Alhaji Bola Tinubu, wanda ya yi wajen wata uku a Landan a 2021 aka yi masa aiki a gwiwa, daga baya kuma tafiye-tafiyensa zuwa Faransa suka zama abin zane, sai da yawa daga masu fushin jiya suka zama masu turawa, da yawa daga masu dariyar jiya kuma suka zama masu fushi. Hoton bai sake ba, jirgin bai sake ba, fasinja kawai aka canja.

Akwai wasa tsakanin ƙabilu wanda ke ƙara zumunci, kamar na Gobirawa da Yarabawa, domin kowa ya san iyakarsa kuma fuska da fuska ake yi. Wannan na waya ba shi da iyaka, kuma in ya ɓaci, wanda ke kwana a rumfar kasuwa shi ne farkon mai jin jiki, ba mai kwana a Asokoro ba.

Alhali kuwa in aka je layin karɓar kati a Asibitin Koyarwa na Idi-Araba, ba a tambayar garin mutum kafin a ce ya je ya sayo safar hannu da ruwan ƙari. Matar Bayarabe da matar Bahaushe benci ɗaya suke jira. Ɗan Arewa ma nauyinsa biyu ne: yana biyan na kansa a nan, sa'an nan waya ta zo daga gida cewa an kwantar da tsohuwa, a aiko da kuɗi. Sau da yawa jarin wata shida yakan tafi a jinyar mako guda. Mutumin da ke cikin wannan hali, ba shi da dalilin zama lauyan wani mai zuwa Landan, ko daga wane gari ya fito.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da yawa cikin 'yan ci-rani ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu, sun fi yarda da mai tallar ƙwayoyi a faranti. Da yawa ba su da rajistar zama a jihar da suka shekara ashirin a cikinta. Kuma wayar da ke kawo hoton ɓera ita ce ta kawo ƙaryar shan ruwan gishiri da wanka da shi lokacin cutar Ebola a 2014, har aka rasa rayuka.

ABIN DA YA KAMATA

Ba wanda zai ce a daina dariya, gama wanda aka hana shi kuka ba a hana shi murmushi ba, kuma gwamnatin da ke kama yaro don ya yi shaguɓe ta nuna rauninta ne. Abin da ake nema shi ne dariyar ta haifi tambaya. Ga waɗansu abubuwa da ke rubuce a dokar ƙasa, waɗanda ba a cika ganin hotonsu a waya ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 46, ta hana a kai ma'aikacin gwamnati jinya ƙasar waje da kuɗin jama'a, sai fa in larura ce ta musamman wadda kwamitin likitoci ya tabbatar, Minista ko Kwamishina ya sa hannu. Sashe na 20 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, abin da ya kamata kowane ɗan acaɓa da ɗan dako ya haddace. Sashe na 11 kuma ya kafa asusu na musamman, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, domin ƙananan asibitoci na unguwa da ƙauye. Bugu da ƙari, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar Ikko tana da nata shirin mai suna Ilera Eko, wanda na mazauna jihar ne.

To, a nan ne aikin Sarakunan Hausawa yake, da shugabannin 'yan kasuwa, da ƙungiyoyin direbobi da mahauta, da limamai. Jama'ar da ke iya haɗa kuɗi cikin dare ɗaya don kai gawa Arewa, tana iya haɗa kuɗi don yi wa mambobinta rajistar inshora tun suna da rai. Tana iya aika wakilai su zauna a kwamitin ƙaramin asibitin unguwa, su tambayi nawa ya shigo daga asusun nan, me aka saya da shi. Kuma ran da ɗan takara ya zo Sabo neman ƙuri'a da buhun shinkafa, a tambaye shi a gaban jama'a: in ciwo ya kama shi ko iyalinsa, a wane asibiti za su kwanta? Zai yarda a bayyana abin da aka kashe a jinyar manya? Kashi nawa zai ware wa lafiya? Haka kuma a yi wa gwamnonin gida, gama ƙananan asibitoci da manyan asibitocin jiha a hannunsu suke, ba a hannun Abuja ba.

Samarin da Allah Ya ba basirar ƙera hoto kuma su gwada juya ta. Maimakon kunnen shugaba, a zana alkawarin kashi 15 kusa da abin da aka ware. Maimakon rawar hannu, a zana rufin asibitin da ke yoyo, da sunan ƙaramar hukumar, da adadin kuɗin da aka ce an kashe. Irin wannan hoto yana da wuyar amsawa da zancen ɓera.

Mai karatu kuma, kafin ya danna ya tura, ya tambayi kansa abu biyu: wa ya ƙera wannan, kuma bayan an gama dariya wa zai ci riba? In amsar ita ce wani ɗan siyasa, to ya ajiye katinsa, zai yi masa amfani ran da aka ce ya sayo allura. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, na gida da na asibiti, Ya kuma ba shugabanni ikon gyara inda talakawansu ke kwanciya, amin.